Gobara a Kebbi: Bayan an kashe wuta, wa ke rubuta yadda ta tashi?

A hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, ihu ya tashe mu a layinmu da ke Gesse, a Birnin Kebbi. Ɗaki biyu da kicin na gidan wani maƙwabcinmu ne suka kama da wuta. Matasa suka fito da bokitai, 'yan ga-ruwa suka juye jarkokinsu kyauta, mata suka kwashe yara zuwa gidan da ke kallon nasu. Can sai ga motar kwana-kwana da jiniya, ta ƙarasa kashe abin da ya fi ƙarfinmu. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Da hayaƙi ya lafa, sai na ga ɗaya daga cikin jami'an, jikinsa sharkaf da ruwa, ya ciro ɗan littafi da biro. Ya durƙusa gaban mahaifin mai gidan, wani dattijo da ke zaune a kan tabarma yana salati.

"Baba, sannu da wannan abu, Allah Ya mayar da alheri. Daga wane ɗaki wutar ta fara?"

Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, ƙaddara ta. Mi za ka rubuta? Abin da yaƙ ƙone ya ƙone."

Mu da ke tsaye muka goyi bayan Baba. Har wani ya ce wa jami'in ya ji tsoron Allah, mutane na cikin jimami shi yana ta tambaya kamar ɗan sanda. Bawan Allah ya rubuta ɗan abin da ya samu, ya mayar da littafinsa aljihu, suka naɗe mesa suka tafi.

Kafin azahar labari ya rabu uku. Wasu suka ce hita aka bari a soket da aka ɗauke wuta, aka dawo da ita cikin dare. Wasu suka ce kaskon garwashi aka shiga da shi ɗaki saboda sanyi. Wasu kuma suka rantse jarkar fetur ce ta injin ban-ruwa da aka ajiye a lungu. Ni kaina da nake kiran kaina ɗan jarida, tambaya ɗaya na yi a wannan dare: "Asarar ta kai nawa?"

Tun daga lokacin abin yake damuna. Gidaje nawa ne a layin nan ke da hita, da kasko, da jarkar fetur? Kusan duka. Mun yi jaje, mun haɗa gudummawa, mun koma gidajenmu ba tare da sanin wanne daga cikin ukun za mu gyara ba. Mutum ɗaya da ya nemi ya gano mana, mun kore shi.

Ra'ayina shi ne, takardar da ɗan kwana-kwana ke cikewa bayan gobara tana cikin kayan aikin kashe gobara, daidai da tanki da mesa. Kuma lokaci ya yi da Jihar Kebbi za ta samar da fom guda ɗaya, mai tambayoyi iri ɗaya, da za a riƙa cikewa a kan kowace gobara daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, daga Yauri zuwa Zuru, a tattara, a fitar wa jama'a.

"Ana zargin wutar lantarki"

Duk mai bin labarai a waya ya haddace yadda muke ba da labarin gobara. Wuta ta tashi da tsakar dare. Ana zargin matsalar wutar lantarki. An yi asarar dukiya ta miliyoyin naira. Gwamna ya kai ziyarar jaje. An kafa kwamiti. Daga nan sai shiru, sai kuma wata ta tashi.

A ƙarshen watan Maris na 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a daidai lokacin da kasuwar Sabon Gari ta Kano ita ma ta ci wuta. A ranar 19 ga Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama. Bayan wata biyu, a ranar 22 ga Maris, ta Katsina ta bi sahu. A ranar 26 ga Fabrairun 2023 aka wayi gari kasuwar Monday ta Maiduguri ta zama toka.

Ko daga waɗannan ranakun kawai mai karatu zai ga wani abu: dukansu tsakanin Janairu da Maris ne, lokacin da iska ke kaɗawa kuma komai ya bushe. Ranaku biyar kacal muka jera, ga shi har sun fara magana. To ina ga a ce muna da cikakken bayanin ɗaruruwan ƙananan gobara da ba sa shiga labarai, na shago ɗaya, na ɗaki ɗaya, na rumbu ɗaya?

Ita kanta kalmar "wutar lantarki" da muke jingina wa komai, ba ta gaya wa kowa abin da zai gyara. Tsohuwar waya ce da ɓera ya ci? Soket ɗaya ne aka ɗora wa firji da fanka da dutsen guga? Haɗin sata ne? Wuta ce ta dawo da ƙarfi? Batirin sola ne ya yi zafi? Kowanne daga cikin waɗannan maganinsa daban, kuma wanda alhakin gyaran ke kansa daban. Idan likita ya rubuta "rashin lafiya" a katin kowane majinyaci, ba wanda zai san ko gidan sauro za a raba ko rijiya za a gyara.

Abin da ya kamata takardar ta ƙunsa

Tashoshin kwana-kwana suna da littafin da ake rubuta kira da fita, wannan tsohuwar al'adar aikin ce. Matsalar rubutun littafi ita ce kowa da salonsa. Wani ya cika shafi, wani ya yi layi biyu. Wani ya rubuta "gida", wani ya rubuta "ɗaki", wani ya rubuta sunan mai gidan kawai. Idan shekara ta ƙare ba yadda za a yi a haɗa su a fitar da lissafi mai ma'ana. Amfanin fom ke nan: tambaya ɗaya, a wuri ɗaya, da zaɓin amsoshi iri ɗaya ga kowa.

Abu na farko shi ne lokaci, kuma lokuta huɗu ne. Ƙarfe nawa aka kira? Ƙarfe nawa mota ta bar tasha? Ƙarfe nawa ta iso? Ƙarfe nawa aka ci ƙarfin wutar? Kullum ƙorafinmu shi ne 'yan kwana-kwana ba sa zuwa da wuri. Su kuma suna cewa ba a kiransu sai wuta ta gagara. Waɗannan lambobi huɗu ne za su raba gardama. Idan jinkirin tsakanin kira da fita ne, a duba mai da direba da lafiyar mota. Idan tsakanin fita da isowa ne, a duba nisa da hanya da cunkoso. Idan kuwa wuta ta yi rabin awa tana ci kafin wani ya tuna da kira, to mu ne ke buƙatar gyara.

Na biyu, wuri. A unguwanninmu da yawa kwatance ake yi: bayan masallaci, kusa da mai shayi, layin da ke da taransifoma. Wayar da ke hannun jami'in tana iya ɗaukar ainihin inda yake tsaye a taswira. Bayan shekara biyu za a ga unguwannin da ɗigon ya taru, a san inda ya kamata a gina sabuwar tasha ko a haƙa rijiyar burtsatse.

Na uku, abin da ya ƙone. Gidan zama ne, shago, rumfar kasuwa, makarantar allo, injin casar shinkafa, mota, ko gona? Ginin siminti ne, na ƙasa, ko na zana da kara? Silin ɗin katako ne ko na roba?

Na huɗu su ne tambayoyin da jami'in nan ya so ya yi wa Baba. A wane ɗaki ta fara? Me ya kawo zafin: garwashi, waya, kyandir, murhun gas, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta? Me ya fara kamawa: katifa, labule, fetur, buhunan hatsi? Me ya taimaka mata ta bazu? Waɗannan tambayoyi ne mabambanta. Kasko shi kaɗai ba ya ƙona gida, sai ya samu bargo kusa da shi.

Na biyar, ruwa. Daga ina aka ɗebo? Sau nawa mota ta koma ɗiba, kuma minti nawa kowace tafiya ta ci? An sha ganin wutar da aka kusa kashewa ta sake tashi saboda tanki ya ƙare. Idan ba a rubuta ba, babu wanda zai iya nuna wa gwamnati cewa tankin ƙasa guda a bakin kasuwa zai iya yin aikin da sabuwar mota ba za ta yi ba.

Na shida, mutane. Nawa suka rasu, nawa suka ji rauni, shekarunsu nawa, suna barci ne ko suna farke, me ya hana su fita? Ƙofa ɗaya ce? Tagogi na da ƙarafan tsaro? An kulle yara ne daga waje an tafi biki? Jami'ai nawa suka ji ciwo a bakin aiki?

Na bakwai, asara, tare da bayanin yadda aka ƙiyasta ta: mai dukiya ne ya faɗa, ko an ƙirga, ko an ga rasit?

Akwai kuma akwati guda da dole a bari a fom ɗin, wato "ba a tantance ba". Jami'in da bai gano sanadi ba ya samu damar faɗin haka ba tare da tsoron faɗan oga ba. Amsar gaskiya ta "ba a tantance ba" ta fi amfani a kan "wutar lantarki" ta ƙarya, domin ta farko tana nuna inda ake buƙatar horo da bincike, ta biyun kuwa tana rufe ƙofar tambaya.

Wutar Gesse daban, ta Argungu daban

Wani zai ce ai mun san abin da ke kawo gobara, me za a rubuta? Mun san jerin abubuwan, amma ba mu san wanne ya fi yawa a ina ba, kuma jiharmu ba iri ɗaya ba ce.

A Gesse da sauran unguwannin ma'aikata, gidaje sun cika da kayan lantarki. Tukunyar gas ta shiga kicin da yawa. Sola da batir da inbata sun yawaita, kuma ba kowane mai haɗawa ne ya koyi aikin ba. Ga janareta da ake zuba wa mai yana kunne.

A Argungu da garuruwan da ke bin fadamar Rima, rayuwa ta ratayu a kan shinkafa da kifi. Manomin rani yana ajiye fetur na injin ban-ruwa a gida, sau da yawa a ɗakin da ake kwana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wasu manoma sun mayar da injinansu masu aiki da gas, wato tukunyar gas ta shiga gona da zaure. Ga tarin bambaro da ɓuntu bayan girbi. Ga matan da ke turara shinkafa a manyan tukwane, ga masu bandar kifi da wutarsu ke kwana tana ci. Ga manyan masana'antun shinkafa irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, ga kuma ƙananan injina a lunguna.

A cikin tsohon gari kuma, ko na Birnin Kebbi ko na Argungu, akwai lungunan da motar kwana-kwana ba za ta iya shiga ba ko da ta iso cikin minti biyar.

Saboda haka sanarwa ɗaya a rediyo mai cewa "a kula da wuta lokacin hunturu" ba ta isa ba. Mutumin Gesse yana buƙatar a ce masa ya kira ƙwararre ya duba haɗin solarsa. Manomin fadama yana buƙatar a nuna masa inda zai ajiye jarka nesa da ɗakin kwana. Amma kafin hukuma ta san wa za ta gaya wa me, sai ta ƙirga. Jihar na da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu. Ba za a iya riƙe labarin wannan faɗin ƙasa da ka ba.

Yadda wasu suka yi

Amurka ma ta taɓa zama cikin irin wannan duhu. A 1973 wani kwamitin ƙasa ya fitar da rahoto mai suna America Burning, wanda ya nuna yawan rayukan da gobara ke ci a ƙasar da kuma ƙarancin sahihan bayanai a kanta. A 1974 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da harkar gobara ta tarayya, daga nan aka ɓullo da tsarin rahoto na bai-ɗaya da aka sani da NFIRS, wanda dubban tashoshi suka riƙa cikewa shekara da shekaru.

Da alƙaluma suka taru, sai aka ga cewa girki ne ya fi tayar da gobara a gidaje, amma guntun sigari da ya faɗa kan katifa ko kujera yana cikin abubuwan da suka fi kashe mutane, saboda wutarsa tana tashi ne ana barci. Wannan ya taimaka wajen matsa wa kamfanoni lamba su yi sigarin da ke mutuwa da kansa idan an ajiye shi. Jihar New York ta fara aiki da irin wannan doka a 2004, sauran jihohin suka biyo baya. Ba wani jami'i ɗaya da zai iya gano haka daga gobarar da ya halarta shi kaɗai. Sai da aka haɗa takardun dubban jami'ai.

Mu dawo kusa da gida. A watan Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekarar irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Bayan ta Maraɗi ne gwamnatin Nijar ta hana sanya ƙananan yara 'yan share fagen shiga firamare a azuzuwan zana. A watan Fabrairun 2025 kuma gobara ta kashe almajirai 17 a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara, cikin dare.

Irin waɗannan manyan musibu sukan zo ne bayan ƙanana da yawa da aka kashe da bokiti aka manta. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai ba za ka shafa ba idan ba wanda ya gaya maka gemun nasa ya kama, da kuma abin da ya kunna shi.

A nan Najeriya, Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ta saba fitar da alƙalumanta ga manema labarai: kira nawa ta samu, rayuka nawa aka ceto, nawa aka rasa, dukiyar nawa ta salwanta, har da kiran ƙarya. Wannan abin koyi ne. Kebbi na iya ɗaukar wannan ta ƙara a kai, ta hanyar fitar da sanadi da unguwa da lokacin isowa.

Masu cewa a fara sayen mota

Na tattauna wannan batu da abokai a majalisarmu, kuma mafi ƙarfin suka da na ji ita ce: "Malam, mutanen da ke fama da ƙarancin mota da ruwa da kayan kariya, kai kuma takarda za ka ƙara musu?"

Maganar tana da nauyi. Takarda ba ta kashe wuta, kuma duk wanda ya ga jami'i ya tunkari harshen wuta ba tare da isassun kayan kariya ba ya san inda buƙata ta gaggawa take. Amma a duba yadda ake raba kuɗin gwamnati. Lokacin kare kasafi a majalisar dokoki, kowace ma'aikata tana zuwa da kukanta. Shugaban da ya ce "muna buƙatar motoci" za a ce masa kowa ma yana buƙata. Wanda ya zo da takarda ya ce ga adadin kiran da muka samu daga wannan yanki, ga mintunan da muke ɗauka kafin mu isa, ga sau nawa ruwa ya yanke mana, ga dukiyar da ta ƙone a tsakanin, wannan ya fi wuyar a sallame shi hannu wofi. Rahoton shi ne hujjar neman motar. Kuma kuɗin buga fom da horar da ma'aikata bai kai kuɗin tayoyin motar ba.

Suka ta biyu ita ce gajiya. Mutumin da ya kwana yana fama da wuta ba zai zauna cike shafi goma ba. Gaskiya ne, shi ya sa fom ɗin ya kamata ya zama shafi ɗaya gaba da baya, yawancinsa a yi alama kawai a akwati, da Hausa da Turanci. Idan a waya ne, ya zama yana aiki ko babu intanet, ya tura da kansa idan an samu sabis. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun daɗe suna tattara bayanai da waya a ƙauyukanmu, don haka abin ba baƙo ba ne.

Ta uku ita ce tsoro. Jami'i zai ji tsoron idan ya rubuta sun yi minti arba'in kafin su isa, shi za a hukunta. Mai gida zai ji tsoron idan ya ce fetur ya ajiye, za a kama shi ko a hana shi tallafi. Wannan ita ce babbar barazana ga gaskiyar rahoto. Dole hukuma ta bayyana tun farko cewa fom ɗin na gyara ne, binciken laifi kuma aikin 'yan sanda ne da ke da tasa hanyar. Sannan abin da za a fitar wa jama'a ya zama lissafi kawai, babu sunan kowa, babu lambar gidan kowa.

Batun ƙaddara

Na koma ga maganar Baba, domin ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Mun yi imani duk abin da ya samu bawa da sanin Allah ne, kuma wannan imani shi ke sanyaya zuciyar wanda ya wayi gari ba shi da komai. Ba na son a taɓa wannan.

Amma malamanmu suna karantar da mu cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya je masa sai ya umarci mutane su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. A duba da kyau: an faɗi garin, an faɗi lokacin, an ɗauki darasi, an kuma adana labarin har ya iso gare mu bayan shekaru fiye da dubu da ɗari huɗu. Haka nan aya mafi tsawo a Alƙur'ani tana magana ne a kan rubuta bashi. Al'ummar da aka koya wa rubuta bashi don kada a yi jayayya, ba za ta rasa dalilin rubuta abin da ke cinye rayuka da dukiya ba. Tambayar yadda wuta ta tashi ba jayayya da hukuncin Allah ba ce, neman tsare maƙwabci ne.

Ribar mai shago

Rahoton yana da amfani ga wanda abin ya shafa tun a makon farko. Duk lokacin da gwamnati ko hukumar ba da agajin gaggawa ta ce za ta raba tallafi bayan gobarar kasuwa, rigima takan tashi a kan jerin sunaye. Wanda bai da ko tebur sai ya zama mai shago uku, mai shagon gaske kuma a bar shi a baya. Idan tun ranar da abin ya faru an rubuta layi kaza, shago kaza zuwa kaza, da sa hannun jami'i da na shugaban kasuwa, an toshe wannan ƙofa.

Ɗan kasuwar da ya karɓi kaya bashi daga Kano ko Legas yana buƙatar shaidar da zai nuna wa uban gidansa. Wanda ya yi inshora ko takaful ba za a biya shi ba sai da rahoto. Ɗalibar da takardun makarantarta suka ƙone, da magidancin da takardar filinsa ta tafi, duk za su buƙaci wata shaida a hukumance. Ya kamata duk wanda gobara ta shafa ya san yana da haƙƙin karɓar kwafin rahotonsa cikin 'yan kwanaki, ba tare da ya san kowa ba.

Abin da nake roƙo

Ga gwamnatin jiha ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris da majalisar dokoki: a samar da fom guda na jiha, a wajabta cike shi a kan kowace fita, a ware ɗan kuɗin horo da na tattara bayanai a kasafi. A yi shi da shawarar Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, yadda lissafin Kebbi zai iya haɗuwa da na Sakkwato da Zamfara da sauran jihohi.

Ga hukumar kashe gobara ta jiha: a riƙa fitar da taƙaitaccen lissafi kowane wata a rediyo da shafukan sada zumunta, da Hausa. Kafin hunturu ya shigo, a fitar da na shekara, a ce ga abubuwan da suka fi tayar da wuta bara, ga unguwannin da abin ya fi shafa.

Ga masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru: gobara da yawa a ƙauyuka ana kashe su ne ba tare da mota ta je ba, don haka ba za su taɓa shiga littafin tasha ba. Mai unguwa da hakimi da uban ƙasa suna jin labarin kowace. A ba su ɗan gajeren fom mai tambaya biyar ko shida, su riƙa turawa. Asibitoci ma su riƙa ba da adadin masu ƙuna da suka karɓa da abin da ya ƙona su.

Ga shugabannin kasuwanni: ku buɗe rajistar kanku. Ko tartsatsi ne aka kashe da yashi, a rubuta layin da sanadin. Layin da ya yi tartsatsi sau uku a wata yana ba da sanarwa ne.

Ga 'yan'uwana 'yan jarida: mu rage gaggawar rubuta "ana zargin wutar lantarki" alhali ba wanda ya duba. Mu tambayi ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka iso. Mu koma bayan wata guda mu tambayi ina rahoton kwamiti.

Ga sauran jama'a, ni da ku: mu ajiye lambar tashar kwana-kwana mafi kusa a wayoyinmu, tare da lambar gaggawa ta 112, mu kira tun wuta tana ƙarama. Idan kuma an kashe, jami'i ya ciro biro, mu ba shi wuri, mu gaya masa gaskiya ko da gaskiyar ta nuna sakacinmu ne.

Maƙwabcinmu ya sake rufin ɗakunansa, iyalinsa sun dawo. Har yau idan aka zauna a ƙofar gida aka tuna daren, masu cewa hita suna nan a kan bakansu, masu cewa kasko ma haka, masu cewa fetur ma haka. Wani hunturun na tafe, kuma duk ukun suna nan a gidajenmu inda muka bar su.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Marubucin ɗan jarida ne mai zaman kansa, ya rubuto daga Gesse, Birnin Kebbi.